A Bar Wa Mai Fenti Bangonsa: Martani Ga Mai Kiran Rubutunmu Ƙauyanci

Wani malami marubuci da nake girmama alƙalaminsa ya fitar da maƙala kwanakin baya a kan allunan shaguna da rubutun bango da ya gani a hanyarsa daga Gusau zuwa Shinkafi. Abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. A ganinsa waɗannan manya-manyan haruffa masu kauri da ake zanawa da buroshi a gaban kemis, da shagon mai faci, da bayan gingimari, ƙauyanci ne da ya kamata a ce mun wuce shi. Ya ce ba su da tsari, wani harafi ya fi wani tsawo, Turancin cike da kure. Ya kwatanta su da siraran haruffa masu tsabta da bankuna da kamfanonin waya ke kafewa a Abuja. Daga ƙarshe ya ba ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi shawara su yi doka, kowane mai shago ya sa allon da aka buga da kwamfuta, su kuma masu fenti su nemi wata sana'a.

Malam, na karanta har ƙarshe, kuma ban yarda ba. Akwai wuraren da ka yi gaskiya, zan zo kansu. Amma tushen maganar ne ya goce, domin ka auna allon kasuwa da ma'aunin takardar ofis.

Wa ake rubuta wa allon mai faci a bakin hanyar Banga? Ba mutumin da ke zaune kan kujera da tabarau a hanci ba ne. Ɗan kabu-kabu ne da tayarsa ta sace, yana tura babur cikin rana, yana hangen inda zai tsaya. Direban kanta ne da ya ɗauko buhunan gero, yana gudu, gilashinsa ya yi ƙura. Tsohuwa ce da ta shigo gari neman kemis, wadda karatunta na boko bai wuce ta gane siffar kalmar da ta saba gani ba. Duk waɗannan suna da daƙiƙa biyu ko uku su karanta, daga nesa, sau da yawa cikin hazon hunturu. Masu tsara allunan manyan hanyoyi a Amurka suna da ƙa'ida a kan haka: kowane inci ɗaya na tsawon harafi yana ba da damar karatu daga nisan ƙafa 30. Tsawon kuma bai isa shi kaɗai ba, sai da kauri, domin siririn layi shi ne farkon abin da ido ke rasawa idan nisa ya ƙaru, shi ne kuma farkon abin da rana da ƙura ke cinyewa. Siraran haruffan bankin Abuja suna karantuwa ne saboda akwai fitila a bayansu, akwai mai goge su kowace safiya, kuma wanda ya zo bankin ya riga ya san inda za shi. Ɗauko su ka kafe a tashar motar Zurmi, ka dawo bayan damina ɗaya ka gaya mini abin da ya saura.

Ba kuma kauri kawai ake zubawa ba, a nan ne gwanintar take. Harafin da aka cika wa kauri cikinsa yakan toshe, A ta koma kamar dutse, B da R su zama abu ɗaya. Gwanin mai zane ya san wannan ko da bai taɓa shiga aji ba. Ka tsaya ka kalli ɗaya daga cikinsu yana aiki. Zai ja zare da alli ya fitar da layin sama da na ƙasa, ya ƙirga haruffan, ya raba faɗin bangon a kansu, ya matse M da W, ya saki I, ya bar wa O cikinta a buɗe. Idan suna ya yi tsawo zai tsuke haruffan ya ƙara musu tsayi maimakon ya ƙanƙance su. Sannan ya bi gefe ɗaya da baƙin fenti ya yi musu inuwa, yadda ja zai tashi daga kan rawaya, ko fari daga kan shuɗi. Rashin daidaiton da Malam ya gani ya kira kure, rabinsa da gangan ne: an buɗa nan an matse can don ido ya ga kalma a dunƙule. Sauran rabin kuwa, na yarda, rashin iyawa ne, domin a kowace sana'a akwai gwani akwai ɗan koyo.

Sai batun cewa salon na ƙauye ne. Da Malam ya bi asalinsa da ya tarar a tsakiyar manyan birane aka haife shi. A farkon shekarun 1800 masu buga takardu a Landan suka ga haruffan littafi ba sa jan ido a bangon titi, inda tallan caca da gwanjo da wasan kwaikwayo ke gogayya. Sai maƙeran haruffa irin su Robert Thorne suka kumbura haruffan da ake da su har suka yi ƙiba. A 1815 Vincent Figgins ya fitar da wani zubi mai ƙafafu masu kauri kamar tubali, wanda har yau jikokinsa ne ke kan fastoci. Matsalar ita ce da dalma ake zuba haruffa, kuma idan harafi ya yi girma dalmar takan yi nauyi, ta yi tsada, ta lotsa wajen hucewa. A New York wani mai suna Darius Wells ya ƙirƙiro injin sassaƙa haruffa daga katako, ya fitar da kundin tallansu a 1828. Daga baya kamfanin Hamilton da aka kafa a 1880 a garin Two Rivers na jihar Wisconsin ya mamaye wannan kasuwa, kuma a garin nan yanzu akwai gidan tarihi na haruffan katako zalla. Waɗannan haruffa su ne suka sayar da tikitin jirgin ƙasa da sabulu da taba a ƙasashen Turawa na tsawon shekaru fiye da ɗari.

Mu kuma ta layin dogo suka same mu. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, ta Zariya da Funtuwa da Gusau, nan ne kuma ƙarshen layin. Abin da ya kawo shi gyaɗa ce da auduga da fatu. Tare da shi aka ga allon tasha, da lambobin taragu, da tambarin da ake bugawa a jikin buhu da dila, da allunan kantunan kamfanonin Turawa masu sayen amfanin gona. Yaran da suka fara riƙe buroshi a wannan yanki waɗannan suka kalla suka kwaikwaya. Sai dai hannun da ya kwaikwaya ba hannun Bature ba ne. Hannu ne da ya fara da allo da tawada da alƙalamin kara a makarantar allo, inda ake fere bakin alƙalami da faɗi, baƙi ya fito da kauri ya zauna daram. Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani bugun Kano ya san mu ba mutanen siririn rubutu ba ne tun asali. Daga haɗuwar waɗannan biyu aka sami abin da ke bayan motocinmu: haruffan boko masu jikin rubutun allo, an kewaye su da furanni da dawisu da zaki, a ƙasa an sa addu'ar neman tsari ko habaici ga maƙiyi. Wannan salo namu ne, shekarunsa sun kusa ɗari, kuma babu inda za ka same shi daidai haka sai a nan ƙasar Hausa.

Abin da zai ba Malam dariya, ko haushi, shi ne abin da ke faruwa a cikin shagunan kwamfutar da yake so a tura mutane. Ka leƙa bayan yaron da ke haɗa fastar biki ko ta taron siyasa a Gusau, ka ga irin zubin haruffan da yake zaɓa daga cikin CorelDraw. Ba siraran nan na banki ba ne. Impact ne, wanda Geoffrey Lee ya zana a Ingila a 1965, ko Cooper Black mai taushin gefe da Oswald Cooper ya fitar a Chicago a 1922. Su ma masu ƙiba ne, su ma tsofaffi ne. Wanda kuma ya fi wayewa a cikin yaran yakan sauko da sababbin zubi daga intanet, waɗanda masu zane a Turai da Amurka ke yi yanzu suna sayarwa da dala. Me suke sayarwa? Haruffan da aka yi wa tsufan ƙarya. An zana su a kwamfuta tsaf, sannan aka bi su aka kankare gefensu, aka yayyafa musu tabo, don su yi kama da tsohon bugun katako ko rubutun da rana ta dafa a jikin rumbu. Gidajen abinci da masu sayar da kofi a can suna rububinsu, saboda sun gaji da haruffan da ba su da alamar hannun mutum. Hanyar gane su ba wuya: ka duba kalmar da harafi ɗaya ya fito sau biyu a cikinta, za ka ga tabon nan guda a wuri guda a jikin kowanne. Wato dai abin da Malam ke so a goge daga bangon Shinkafi, jabunsa ake saye da kuɗin waje a liƙa a Gusau.

Yanzu ga inda na fi jin maganar a raina. Malam bai ce uffan ba a kan Hausa. Ya lissafa kuren Turancin masu fenti, amma bai tambayi yadda harshen masu shagunan da masu sayen ke fitowa daga injin bugu ba. Rubutun boko na Hausa yana da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da shi inda mu muke sa 'y. An tsayar da ukun farko ne a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ta shigar da su idon jama'a. Tun daga lokacin injina ke ba su wahala. Keken rubutu na Turanci ba shi da su, sai a buga a dawo a sa ƙugiya da biro. A shekarun 1980 sai da aka yi aiki na musamman, har da taimakon shahararren mai zana haruffa na Jamus Hermann Zapf, kafin aka sami zubin da ake kira Pan-Nigerian mai ɗauke da haruffan harsunan Najeriya. Da kwamfuta ta zo, tsarin Unicode ya ba kowannensu lamba tun farkon shekarun 1990, kuma a yau akwai zubi irin su Charis da Andika na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, da suke da su cif.

To amma waɗannan galibi na karatun littafi da allon waya ne. Zubi masu kauri na fasta da allon shago, waɗanda yaran kwamfuta ke so, mafi yawansu an yi su ne don Turanci da harsunan Turai. Impact ba shi da Ƙ. Na tsufan ƙaryan nan kuwa, da yawansu daga A zuwa Z da lambobi suka tsaya. Idan yaro ya buga Ƙ a cikinsu ɗayan uku ne zai faru: ko akwati fanko ya fito, ko kwamfuta ta aro siririn harafi daga wani zubi ta cusa a tsakiyar masu ƙiba, ko kuma, wanda shi ne aka fi yi, yaron ya ce a bar ƙugiyar kawai, ai za a gane. Haka sunan garinmu kansa, Ƙaura Namoda, yake fitowa. Ƙaura sarautar yaƙi ce, ta Namoda, jarumin da ya yi fice a yaƙe-yaƙen jihadi har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. Kaura kuwa, babu ƙugiya, dawa ce. A kan allunan talla nawa aka mai da mu garin dawa? Masaukin baƙi ya zama na baki, ƙasa ta zama kasa. Manya suna ganewa daga ma'ana, gaskiya ne. Amma yaron firamare a Banga, wanda littafin Hausa bai wadace shi ba, bangon gari shi ne littafinsa na biyu, kuma abin da ya gani a rubuce da injin shi yake ɗauka daidai.

Mai fenti ba shi da wannan matsala ko kaɗan. Ƙugiya a wurinsa murɗa wuyan hannu ne sau ɗaya. Ba na cewa duk suna sawa. Da yawa ba sa sawa, domin abin da mai shago ya rubuto musu a takarda suke kwafewa, shi kuma a waya ya saba rubutu ba ƙugiya. Amma idan ka tsaya a kansa ka ce, Malam, wannan Ɗ ce ba D ba, kafin ka rufe baki ya gyara, ko bayan shekara ne ma ya dawo da ɗan gwangwaninsa ya ƙara. Je ka gaya wa mai injin fileks, robar nan da ake buga talla a kai, haka bayan an buga, ka ji kuɗin da zai ce ka sake biya.

Nan ne ma zan amsa batun kure. E, akwai kuren Turanci a allunan hannu, wasu har ban dariya. Amma kwamfuta ba ta san Hausa ba, kuma yaron da ke danna ta makarantar da mai fenti ya yi ita ya yi, ko ma bai kai ba. Abin da injin ke yi shi ne ya fitar da kuren nan da kyau, da sheƙi, kwafi ɗari biyar. Kowa a yankin nan ya taɓa ganin fastar ɗan takara ko kalandar biki da aka rubuta sunan mutum ba daidai ba, aka kuma raba ta a haka saboda kuɗi sun riga sun tafi. Maganin kure karatu ne, da kuma al'adar nuna wa wanda ya iya kafin a zana ko a buga. Sauya buroshi da inji ba ya ƙara wa kowa ilimin ƙa'idar rubutu.

Inda Malam ya yi gaskiya kuwa ba zan ɓoye ba. Idan ana son fuskar mutum, inji ya fi. Ɗan takara yana son a ga hularsa da murmushinsa da alamar jam'iyyarsa daidai yadda za ta fito a takardar ƙuri'a, a kowane ƙauye, cikin mako ɗaya. Babu mai fentin da zai iya wannan. Sanarwar rigakafi, jadawalin makaranta, hoton kayan da ke cikin shago, duk na inji ne. Fileks ya fi sauri, kuma a ranar farko ya fi ɗaukar ido. Su ma masu fentin sun san haka, shi ya sa da yawansu suka koyi kwamfuta, ko suka koma yanka sitika da buga riguna. Ba wanda ke neman a kori inji daga gari.

Sai dai a yi lissafin har ƙarshe. Fileks roba ce da aka fesa wa tawada. Ranar Zamfara ba ta raga mata, ja ya koma ruwan hoda, baƙi ya koma toka-toka, iskar farkon damina ta shiga bayanta ta yage ta daga kan katako. Ƙarshenta a rufa wa buhuna ko a shimfiɗa a shanya barkono, daga nan sai bola. Fentin mai a jikin siminti ko ƙarfe yana daɗewa, idan ya kode kuma ba a jefarwa, bi ake yi a kansa. Sannan ina injin yake? Babban injin buga bana yana son wuta tsayayya ko janareta, da tawada da kayan gyara daga Kano ko Legas. Ba a ajiye shi a Banga ko a ƙauyukan Zurmi. Mai shayi da ke son allo sai ya aika ko ya tafi da kansa gari, kuma Malam ya bi hanyoyin nan, ya san abin da tafiya take nufi a shekarun nan na 'yan bindiga. Mutum ba ya hawa hanya don abin da ba dole ba. A watan Satumbar 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara, an kuma dakatar da kasuwannin mako. A wancan lokaci wanda sana'arsa ta dogara da a turo masa hoto ta WhatsApp zama ya yi. Mai gwangwanin fenti da buroshi uku a aljihu babu abin da ya tsare shi sai rashin ciniki.

Saboda haka dokar da Malam ke nema, a kan talaka za ta faɗa. Mai faci da mai cajin waya da mai markaɗe za a tilasta wa biyan kuɗin fileks duk bayan ɗan lokaci, kuɗin kuma su fita daga ƙauyen su tafi birni, a kashe sana'ar mutum ɗaya ko biyu da ke garin, a kuma buɗe wa masu karɓar haraji wata sabuwar ƙofar tsayawa a bakin shago. Duk don matafiyi ya ga tsabta ta tagar mota. Ƙananan hukumomin nan suna da abin da ya fi wannan gaggawa. Idan suna son taɓa batun alluna, su fara da nasu: allon asibiti da na makaranta da na sunan gari, su tabbatar an rubuta su da Hausa mai ƙugiya, da haruffan da za a iya karantawa daga kan babur.

Da Malam ya tambaye ni, ga inda zan so ya karkata alƙalaminsa. Rigimar hannu da kwamfuta wasu sun riga sun raba ta, ta hanyar shigar da hannun cikin kwamfutar. A Indiya wani mai zane, Hanif Kureshi, ya ga fileks na kashe masu rubutun titi, sai ya fara wani aiki mai suna HandpaintedType. Ya riƙa sa mai fenti ya zana masa haruffa duka da lambobi a kan ƙyalle, ya mai da su zubin kwamfuta, ya sa wa zubin sunan mai fentin, idan an saya kuma a ba shi rabonsa. A Ajantina, salon zanen da ake kira fileteado, wanda ya faro a jikin amalanke ya koma kan manyan motoci da bas-bas na birnin Buenos Aires, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke tattali a 2015. Kusa da gida, fastocin finafinai da masu zanen Ghana suka yi a kan buhunan fulawa a shekarun 1980 da 1990, yanzu a gidajen baje kolin zane na Turai da Amurka ake rataye su. Kai, mu kanmu an yi mana irin wannan a ɓangaren ajami. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubi mai suna Alkalami, wanda aka gina a kan rubutun Kano mai kaurin nan na littattafan kasuwa, kyauta ga mai so. Idan an iya da ajami, mai ɗaure-ɗaure da wasulla sama da ƙasa, boko mai haruffa a rarrabe ba zai gagara ba.

Masu yin aikin ma ba sai an nemo su daga nesa ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tana nan cikin Ƙaura Namoda tun 1983, da ɗalibai masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai. Akwai jami'ar tarayya a Gusau tun 2013. A Zariya kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da sassan zane da suka daɗe suna yaye ƙwararru. Abin da ake bukata waya ce mai kyamara, da ƙyalle, da kuɗin fenti, da ladan mai zane. A je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, lokacin da motoci suka taru daga ko'ina har da Nijar, a bi bayansu ɗaya bayan ɗaya a ɗauki hoto, a tambayi direba wa ya rubuta masa. A nemo gwanaye biyu ko uku, a ce kowa ya zana haruffansa cikakku, manya da ƙanana, da lambobi, da alamar naira, da Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ. A rubuta yarjejeniya da Hausa, a karanta masa a gaban shaidu, ya san sunansa zai hau kai da abin da zai samu. Wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne, domin kwashe fasahar talaka a kai birni a ci riba ba tare da shi ba tsohuwar ɗabi'a ce.

Wurin da aikin zai yi wuya shi ne ƙugiyar kanta. A siririn harafi sa ƙugiya ba komai ba ne. A harafi mai ƙiba kuwa wuri ya yi kaɗan: ƙugiyar Ƙ tana son ta yi karo da harafin da ke gabanta, ta Ɗ da ta Ɓ suna fitowa ta hagu su bar rami tsakaninsu da na baya, idan an ƙanƙance su kuma daga nesa ba a gani. Wannan na cikin dalilan da ke sa masu zana zubi na waje, ko da sun ƙara haruffan, sukan fito kamar an ɗora musu abin da ba nasu ba. Masu fentinmu da ke sa ƙugiya sun daɗe suna kokawa da wannan a kan bango, kowa da dabararsa. Wani yakan lanƙwasa hannun K na sama ya dawo da shi ciki, wani ya ɗaga ƙugiyar ta haye layin sama, wani ya rage kaurin sandar don ya samar mata wuri. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin dabarun nan a littafi ba, suna jikin bango da ƙofofin shago da allunan bayan mota. Zaɓen 2027 na tafe, kuma duk wanda ya ga na baya ya san yadda ake bin bangayen bakin hanya da farar ƙasa da fastoci tun kafin a buga gangar kamfe. Wanda zai ɗauki hotunan nan, daga Ƙaura zuwa Zurmi, gara ya fita kafin lokacin.